Hannun Seydou A Kwanon Baba

"Wallahi in dai da raina, ɗiyar ƙanena ba za ta auri mai wanke tukunya ba."

Gwaggo Salamatu ce ke magana a bakin ƙofar ɗakin tsofaffi na asibiti, wai ta rage murya don kada Baba ya ji. Amma muryar Gwaggo ba ta iya raguwa. Har tsohon da ke kwance a gadon ƙarshe sai da ya ɗago kai.

Rukayya ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, wanda Baba ya ɗinka mata da hannunsa sallar bara.

"Da ke nike, Rukayya. Namiji da gemunsa ya tsaya gaban murhu yana tuƙin tuwo, shi ne mijin? Ga Nasser, ɗan gidan mutunci, mun san uwarsa mun san ubansa, motarsa kullum tana hanyar mahaƙar zinariya. Shi wanga Seydou wa ya san kakansa cikin Agadas? Daga Tawa ya faɗo mana kamar fara."

"Gwaggo, ai Baba bai ce komi ba tukuna."

"Zai ce. Bari dai ya samu bakin cin abinci ki gani."

Ta gyara lulluɓi ta wuce, ta bar Rukayya jingine da bango.

Maganar da ke cin ranta kenan. Kafin ciwo ya kayar da Baba, Seydou ya riga ya aiko neman aurenta. Ba shi da kowa a garin, sai ya roƙi limamin unguwa ya zo ya yi masa baki. Baba ya saurara, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Bai kai ga shawarar ba, wata hantsi aka same shi zube cikin shagonsa na dukanci, tsakanin fatu da basilla, tansiyon, wato hawan jini, ta hau ta shanye masa hannun hagu.

Tun ranar Baba, Malam Issouf baduku, yake nan kwance, amsar Seydou tana cikin bakinsa. Likita ya ce jikin zai tashi, amma magani ba ya aiki a cikin da ba komi. Shi kuwa Baba ya ƙi ci.

Ba abin da Rukayya ba ta gwada ba. Tun rasuwar Inna su biyu ne kaɗai a gidan, ita ta san bakinsa. Ta dama kunu. Ta kawo fura da cuku da dabino, irin wadda yake so. Kullum maganarsa ɗaya ce.

"Ajiye nan, Uwata."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Sai ta ajiye, ta fita waje ta ba shi wuri, don ɗiya ba ta tsayawa a kan ubanta yana ci. In ta dawo sai ta tarar ya lashi cokali ɗaya, ƙudaje sun karɓi sauran.

Rana ta take tsaka sai ta ji ƙarar ƙafar amalanken abinci. Ko ba ta waiga ba ta san wane ne. Seydou ya shigo da farar hularsa ta madafa, yana ajiye wa kowa farantinsa da cokali a kan ɗan tebur na gefen gado. Da ya zo gadon Baba sai ya rusuna.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Yau na dafa shinkafar ta yi laushi sosai."

"Madalla."

Baba ya juya fuskarsa bango. Seydou ya ɗan tsaya, sannan ya tura amalanken ya yi gaba. Bai kalli Rukayya ba. Ita ma ba ta kalle shi ba, amma ta ga inda wuta ta ƙone shi a bayan hannu, ta ga har yanzu bai sa wa wurin magani ba.

Bayan azahar Gwaggo ta dawo, Nasser na biye da ita riƙe da gasasshen nama cikin takarda da kwalin madara. Tun daga ƙofa ya tuɓe takalmi. Bai ƙaraso gadon ba, can nesa ya tsugunna yana gaisuwa, kansa a ƙasa. Gwaggo ta zuba shayi ta miƙa masa da gangan.

"A'a Gwaggo, alhamdu lillahi."

"Haba, ko kurɓi ɗaya?"

"Wallahi na sha a gida."

Gwaggo ta juyo tana washe baki, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Issouf, ka ga ɗan da aka haifa. Ko ruwa ba ya sha a gabanka. Ai haka suruki yake, ba a haɗa hannu da shi a kwano, ba a ganin motsin bakinsa."

Naman ya wuni a kan tebur har ya sandare. Ƙamshinsa dai ya hana tsofaffin ɗakin sakat, su da yawancinsu ba su da haƙorin tauna shi.

Da Nasser ya tafi, Rukayya ta ce za ta wanke kwanuka. Famfon yana bayan madafa, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro. Nan ta tarar da Seydou yana kankare tukunya.

"Kin ci abinci yau?" Abin da ya fara tambaya kenan.

Kowa ya zo Baba yake tambaya. Ita a tsaye take ci, a bayan ƙofa, abin da ya rage a langa, in ma ta tuna.

"Ka ji abin da Gwaggo ta ce?"

"Duk ɗakin ya ji. Har Baba Hassane na gadon ƙarshe ya tambaye ni in tukwanen sun yi mini yawa ya zo ya taya ni."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

"Seydou, ni tsoro nike ji. Kullum Gwaggo tana bakin kunnensa. Shi kuma yana ramewa, jiya da na gyara masa matashi sai na ji kamar yaro na ɗaga. In na ce ya ci ya ce Uwata ajiye. In na yi shiru in ga kamar ni ke kashe shi. Ba ni da wanda zan gaya wa. Gidan ma in na koma sai in ji ƙarar takalmina tana bi na."

Ya ajiye soson ƙarfen. Ya miƙa hannu kamar zai share mata hawaye, ya tuna inda suke, ya mai da hannun cikin ruwa.

"Ki saurara. Gobe akwai atelye, ki kawo shi."

"Mi ne ne kuma atelye?"

"Zama ne. Asibiti sun ga abincin tsofaffi kullum dawowa yake, awakin mai gadi ke yin ƙiba. Sai suka kira wata Madam Asma'u daga Yamai, aikinta kenan. An fara zama a biro, ofishin asibiti, kujeru da Faransanci, mu da likitoci. Ta dube mu ta ce ina masu cin abincin? Ta ce wanga zama banza ne. Gobe tabarmi za a shimfiɗa a rumfa, tsofaffin da masu jinyarsu da anfirmiye masu ba su magani da mu ƴan madafa, kowa ya faɗi nasa. Za mu dafa iri-iri su ɗanɗana su zaɓa."

"Baba ba zai zo ba."

"Baba Hassane ya ce ko a goye sai ya kawo shi."

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke gangarewa gindin itacen.

"In ya ce Nasser fa?"

"To ya ce. Ni dai ya ci abinci tukuna."

"Kai kullum abinci! Ina maka maganar raina kana mini maganar tukunya. Wato ko a jikinka."

"Rukayya…"

Ta kwashi kwanukanta ba ta ɗauraye ba, ta tafi.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a rumfar da ke tsakiyar asibiti. Tsofaffi suka fito ɗai-ɗai, wani da sanda, wata ɗiyarta na riƙe da ita, wani ana tura shi a keke da robar ƙarin ruwa a hannu. Baba Hassane ya cika alkawari. Mutumin Timiya ne, mai lambu, ƴaƴansa suna can suna ban ruwa, sai mai mota ya samu hanya suke aiko masa da lemu. Shi ya tsaya a kan Baba yana tsiya.

"Tashi baduku. In ka ƙi, wallahi in gaya wa mutane takalman da kake ɗinkawa ba su kai sati."

Baba ya harare shi, amma ya tashi. Rukayya ta riƙe shi har rumfa, ta jingina shi da ginshiƙi, ta koma can bayan mata ta zauna.

Gwaggo ma ta zo. Can sai ga Nasser, wai ya biyo gaisuwa. Ya tsaya daga bakin rumfa yana wasa da makullin mota.

Madam Asma'u doguwa ce mai tabarau. Ta tuɓe takalminta ta zauna a tabarma kamar kowa, ta ce yau ba likita ba mara lahiya, kowa bakinsa ya kawo. Ta sa aka zagaya da dabino, ta ce kowa ya ci ya riƙe ƙwallon, da shi za a yi zaɓe.

Sai wata tsohuwa mai zanen baƙi ta ce, "Ɗiyata, in faɗa ba za a kore ni ba?"

"Faɗi, Inna."

"Shinkafarku da tsakuwar Dabaga uwarsu ɗaya."

Aka kwashe da dariya, har ƴan madafa. Daga nan baki ya buɗe. Wani ya ce abincin yana zuwa daidai kiran azahar, kafin mutum ya lallaɓa ya yi alwala ya dawo ya yi sanyi kamar hancin kare. Wata anfirmiye ta ce gishiri kam ba za a ƙara ba, rabin ɗakin masu tansiyon ne. Sai wata mai jinyar uwarta ta ce ai daddawa da albasa da ɗan lemun tsami suna tashin miya ko ba gishiri. Seydou ya ce za su iya jinkirta rabo har a idar da salla, in dai za a bar musu mutum ɗaya ya tsaya bayan lokacin tashi. Shugaban anfirmiye ya yi ɗan gardama, daga baya ya yarda a gwada. Wani dattijo ya ɗaga cokali sama ya ce shi wannan ƙarfen ba ya kai masa daɗi baki, a ba shi buta ya wanke hannunsa.

Madam tana ji, tana maimaita maganar kowa da ƙarfi don masu nauyin kunne, tana tambaya, "Haka ne? Kun yarda?"

Rukayya tana kallon Baba. Ya ci dabinon, ta gani. Ƙwallon yana cikin tafinsa na dama ya damƙe.

Aka kawo abinci. Tuwon hatsi mai laushi da miyar malohiya, wato lalo, dambun zogala, da taliya da aka dafa ta narke. Gaban kowane iri aka ajiye ƙoƙo. Ana zuba wa kowa ɗan kaɗan ya ɗanɗana, wanda ya fi masa sai ya jefa ƙwallon dabino a ƙoƙonsa. Ƙoƙon tuwo ya yi ta ƙara, ƙwal, ƙwal.

Seydou da kansa ya zuba na Baba a kwano ya ajiye a gabansa. Baba bai ko dubi kwanon ba.

Madam ta lura. Ta matso ta durƙusa.

"Baba, kai ba ka zaɓa ba. Ko duk ba su yi maka ba?"

Baba ya kau da kai.

"Faɗa mini abin da kake so, ko mi ne ne a dafa."

Baba Hassane ne ya yi gyaran murya.

"Madam, bar wahal da kanki, ba miyar ba ce. Ni ma abin da nike ci don kada in mutu a garin mutane ne. Tun da aka yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. A lambu in rana ta yi, ko baƙo ne ke wucewa da raƙuminsa sai ka kira shi. Nan kun ba kowa farantinsa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana ci kamar wanda ya sato. Tuwon mutum ɗaya ai ba ya wuce wuya."

Tsofaffi suka shiga gyaɗa kai.

Rukayya ta ji kamar an zuba mata ruwan randa. Ta tuna ƙofar shagon Baba. Kullum da rana ita ke kai langa, ta tarar da su a inuwar bango, shi da Abdou maƙeri da sauran abokan ciyayya, kowa ya kawo na gidansa an haɗa, ana ci ana musu. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin Baba ya ci shi kaɗai ba. Ita kuwa duk kwanakin nan ajiyewa take ta fita, tana ganin ladabi ne.

Madam Asma'u ta cire tabarau ta goge.

"Wannan bai taɓa zuwa kaina ba. To mi zai hana mu gwada yanzu? Maza su haɗu, mata su haɗu." Ta juyo wurin Baba tana murmushi. "Baba, da kai za mu fara. Wa kake so ya ci da kai?"

Baba ya ɗago kai a hankali. Idonsa ya bi rumfar. Ya wuce Baba Hassane. Ya tsaya a kan Nasser, Nasser ya yi sauri ya sunkuyar da kai ya ja da baya. Idon ya wuce shi. Ya je ya sauka a kan Seydou, wanda ke tsaye riƙe da ludayi.

"Kai, mai girki. Wanke hannu ka zo."

Gaban Rukayya ya faɗi.

Madam ba ta san komi ba. Ta tafa hannu tana cewa madalla, wanda ya dafa shi zai fara ci. Amma ƴan ɗakin tsofaffi duk sun ji maganar Gwaggo jiya, sun kuma san wanda ya aiko liman. Mutum ba ya kiran surukinsa kwano. Wanda ka haɗa hannu da shi, ka gaya masa kenan ba ɗiyarka a tsakaninku. Baba ya ba da amsarsa, a gaban jama'a, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Gwaggo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don daɗi.

Seydou ya tsaya kamar an kafe shi. Miya tana ɗiga daga ludayin a kan ƙafarsa bai sani ba.

"Baba, ni… na ƙoshi."

"To." Baba ya sa yatsa ya ture kwanon gaba. "Ni ma na ƙoshi."

Ya mai da kansa jikin ginshiƙi ya lumshe ido. Wuyansa ya fito siriri daga cikin riga, jijiyoyin duk a waje.

Sau ɗaya Seydou ya dubi wajen mata. Rukayya ba ta san abin da fuskarta ta gaya masa ba. Zuciyarta tana cewa kada ka zauna, tana kuma cewa don Allah ka zauna, duk a lokaci guda.

Ya ajiye ludayin. Ya ɗauki buta da tasa ya zo ya durƙusa. Hannun Baba ya fara wankewa, yatsa-yatsa, ya karɓi ƙwallon dabinon ya ajiye masa a gefe. Sannan ya wanke nasa. Ya cire farar hular, ya tanƙwashe ƙafa, ya jawo kwanon tsakaninsu.

"Bismillah, Baba."

Ya yanki loma ya kai baki. Rukayya ta ga yadda ya haɗiye ta da ƙyar.

Baba ya buɗe ido. Ya dubi yaron, ya dubi kwanon. Sai ya sa hannu.

Loma ɗaya. Ta biyu. Seydou yana ɗan gutsura, yana tura wajen da ya fi laushi da miya gefen Baba da bayan yatsa, yadda ba za a lura ba. Baba yana ci, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Bai tsaya ba sai da gindin kwanon ya bayyana. Ya suɗe yatsu, ya lalubi ƙwallon dabinonsa ya miƙa wa Seydou.

"Sa mini a na tuwo."

Rumfa ta ɗauki tafi. Anfirmiye suna ta barka, Madam har da ƙwalla. Aka jawo manyan faranti, tsofaffi suka matso da tabarminsu, Baba Hassane yana ta raba wuri kamar gidansa.

Gwaggo ta sunkuyo kunnen Rukayya.

"Kin gani ko? Ubanki dattijo ne. Magana ta mutu ba a yi faɗa ba. Bari in tahi gidan su Nasser in gaya wa uwarsa su shirya kawo kaya."

Rukayya ta tashi ta zame ta bayan mata. Ba wanda ya ga fitarta.

Ƙarƙashin dogon yaron nan ta zauna, ta haɗa kai da gwiwa. Daga rumfa tana jin dariyar tsofaffi da ƙarar kwanuka. Abin da ta yi ta roƙon Allah ya ba ta kenan, Baba ya ci. Ga shi ya ci. Ta rasa dalilin da ya sa duniyar ta yi mata faɗi haka.

Ta daɗe a nan kafin ta ji an ajiye tukwane a bakin famfo.

"Ki yahe mini," in ji Seydou.

Ba ta ɗago ba. "Ka san abin da ka yi?"

"Na sani."

"Ka san abin da yake nufi da ya kira ka?"

"Tun kafin ya rufe baki na sani."

"To don mi ka zauna?" Ta ɗago, fuskarta jiƙe sharkaf. "Da ka dage. Da ka ce kunya kake ji, kowa zai gane, da maganarmu tana nan da ranta. Nasser ko shayi bai sha ba, kai ka zauna ka cinye ni a kwano ɗaya!"

"Na cinye ki?" Muryarsa ta karye. "Rukayya, wallahi ban ji ɗanɗanon tuwon nan ba. Amma kin ga wuyansa? Ni ke kwashe farantinsa kullum, ni na san abin da ke dawowa. Da na dage, da ya koma gado da yunwa, gobe ma haka. In ya mutu fa? In zo in ce ki aure ni, ni da na bar ubanki da yunwa don in same ki?"

Ta toshe baki tana kuka. Shi ma ya juya baya, ya buɗe famfo da ƙarfi don kada ta ji nasa.

"Shi kenan?" ta ce, can ƙasa.

"Dattijo ya yi magana. Ni baƙo ne a garin ga, ba ni da wanda zai koma ya roƙa." Ya rufe famfon. "Akwai sauran tuwo, na ajiye miki. Don Allah ki ci. Kada ki ci a tsaye."

Ba ta karɓa ba. Ta wanke fuska a famfon ta koma ɗaki.

La'asar ta yi, rana ta karkato ta taga. Ta tarar da Baba a zaune, ba a kwance ba, carbi a hannunsa. Rabon da ta gan shi haka tun a gida. Baba Hassane yana gadonsa yana ɓare lemun Timiya.

Ta shiga tattara kaya a ƙarƙashin gado don kada ya ga idonta.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Madam ta ce daga gobe tabarma za a riƙa shimfiɗa mana, mu ci tare bayan azahar. Ni da wancan mai surutun."

"Ni ne mai surutu?" in ji Baba Hassane. "Jira ka ga hannuna a kwano."

"To madalla, Baba," ta ce.

Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Ki gaya wa yaron nan kada ya ƙara sa hannu cikin kwanona."

Ta ji abin kamar an ƙara mata gishiri a gyambo. "Wani laifin ya yi, Baba?"

"Na kira shi ne don maganar ta mutu, ba sai na faɗa da baki ba. Gwaggonki ta cika mini kunne, ni kuma na gaji. Ya gane sarai. Hannunsa rawa yake cikin kwanon, amma yana turo mini wajen miya, yana zaton ban gani ba." Ya dubi naman jiya da ke kan tebur cikin takardarsa. "Wani kuwa kullum yana zuwa da kaya, bai taɓa tambaya ko na ci ba."

Rukayya ta tsaya cak, kwano a hannunta.

"Na yau ya wuce, yunwa ce, Allah ya yahe mana. Amma daga yau in ya kawo abinci ya ajiye ya tsaya daga bakin ƙofa. Ba ya kyautuwa a ga hannuna da nasa a kwano ɗaya."

Sai da Baba Hassane ya tuntsire da dariya har lemu ya sarƙe shi, sannan maganar ta isa zuciyarta: da suruki ne ba a haɗa kwano. Kwanon ya kuɓuce ya yi ta juyi a siminti. Kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana kuka tana dariya a ciki.

"Ina gwaggon taki?" Baba ya tambaya.

Dariyar ta tsaya.

"Ta tahi gidan su Nasser. Ta ce za ta gaya musu su kawo kaya."

Carbin ya tsaya a hannun Baba. In Gwaggo ta riga ta faɗa wa mutane da sunansa, ya zama alkawarin dattijo, kuma a tsohon garin Agadas ba a lashe irin wannan.

"Kira ta. Maza."

Ta lalubo lambar. Ta kara wayar a kunne. Sai ga kiɗa ya tashi a cikin ɗakin, a ƙarƙashin gadon Baba, cikin jakar da Gwaggo ta manta don saurin kai albishir.

Suka dubi juna.

Rukayya, wadda ko a lakwal, makarantar boko, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta zura takalmin da Baba ya ɗinka mata ta fita da gudu. Ta wuce rumfa, ta wuce madafa inda Seydou ya miƙe da soso a hannu yana kallon ta, ta wuce mai gadi da awakinsa, tana ƙwala wa mai babur ɗin kabu-kabu kira tun kafin ta kai bakin hanya.